Ƙafar Kimaiyo Ta Yi Barci

Arap Maswai bai yarda da asibitin ba tun daga bakin ƙofa. Kowa a ciki murmushi yake yi, shi kuwa a saninsa wurin da ake yanka mutum ba wurin fara'a ba ne. Ya zauna a kujerar roba kusa da gadon ɗansa Kimaiyo, hularsa a kan gwiwa, sanda tsakanin ƙafafu, yana bin duk wanda ya shigo da ido.

Kimaiyo ɗan shekara ashirin da huɗu ne, dogo, shi ne babban mai duka a ƙungiyar ƙwallon raga ta yankinsu. Wata uku da suka wuce ya yi tsalle a wani wasa a garin Kapsabet, ya diro a kan ƙafar hagu, har na bakin fili suka ji ƙas. Tun daga ranar gwiwar ta daina amana. Yana cikin tafiya sai ta zame ta kayar da shi, ko a gaban wa. Likitocin birnin Eldoret suka ce igiyar da ke riƙe gwiwar daga ciki ce ta tsinke. Za su ciro wata jijiya daga bayan cinyarsa, su huda ƙashi, su zura ta su ɗaure. In an bar ta ta kama, zai koma fili. In aka fizge ta kafin ta kama, ya gama ƙwallo ke nan.

Wata 'yar siririyar mace ta shigo da shuɗiyar riga, ta ce sunanta Dakta Nasimiyu.

"Baba, ina wuni? Ni ce mai sa barci. Ni ba na yanka, nawa aikin shi ne kada ya ji."

"Kada ya ji me?"

"Zafi mana. Zan duba cinyarsa da na'urar hoto, in nemo jijiyar da ke kai labarin zafi daga gwiwa zuwa kai. Sai in zuba magani a gefenta da allura, ta yi shiru. Ƙafar za ta yi barci kamar kwana ɗaya, ko ƙasa da haka kaɗan."

"To wa zai tashe ta?"

"Da kanta za ta tashi, Baba," in ji ta tana dariya. "Kuma ba ta tashi da sallama."

Kimaiyo ya yi dariya shi ma. Arap Maswai bai ga abin dariya ba. Shekara arba'in yana dandaƙar bijimai da yanke musu ƙaho, bai taɓa ganin abu mai rai da aka taɓa wa ƙashi ya yi shiru ba. Shi kansa da ya karye yana saurayi, Tuwei mai ɗori ne ya gyara shi, sai da ƙarti huɗu suka danne shi a ƙasa, kuma ga ƙafar nan har yau tana kai shi kasuwa. A wurinsa aikin da ya shiga jiki dole jiki ya shaida.

Ƙarfe uku na rana aka shiga da Kimaiyo. Kafin faɗuwar rana ya farka, ya sha shayi, ya cinye burodi rabi, har yana kiran abokansa a waya yana ba su labari. Uban ya zuba masa ido. Wai wannan ne aka huda wa ƙashi ɗazu? Da nas ta juya baya, ya miƙa hannu ƙarƙashin bargo ya mintsini cinyar yaron ta gaba, mintsini na mugunta, irin wanda ake yi wa yaro mai ƙiriniya a coci. Kimaiyo bai ko ɗago kai daga wayar ba.

Washegari da safe nas ta zo sauya auduga, sai arap Maswai ya miƙe ya leƙa. Ya zaci zai ga tsaga daga cinya har ƙwauri. Abin da ya gani ramuka biyu ne kamar idon kaza, da 'yar tsaga wadda ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.

"'Yar nan, ina aikin?"

"Ga shi nan, Baba. Yanzu da 'yar kyamara ake shiga, ba a buɗe mutum."

Ya koma ya zauna, zuciyarsa ta tafi garin Lessos. Kowa ya san labarin mutumin can da wani ɗan asibiti ya ce ya yi masa aiki a ciki, ashe fata kawai aka tsaga aka ɗinke. Sai da aka shekara aka gane. Shi ma wancan, an ce, ya tashi yana dariya yana yabon hannun likita.

Dakta Nasimiyu ta dawo kafin a sallame su. Ta goga wa Kimaiyo auduga mai sanyi a cinya.

"Ka ji?"

"Ko kaɗan."

"Madalla."

Madalla! Ƙafa ta mutu ana cewa madalla. Arap Maswai ya ajiye wannan ma a ransa.

Ta ɗaga wata farar leda mai ƙwayoyi, ta juyo ga uban, don ta lura shi ne mai gida.

"Baba, ku saurare ni da kyau. An ba shi na safe, na gaba ƙarfe goma sha biyu. Ya sha ko yana jin zafi ko ba ya ji. Kada ku jira zafin ya zo, in ya riga ku isowa kama shi sai an sha wuya. Wannan maɗaurin ƙarfe da ke ƙafar kada a kwance shi, kada kowa ya lanƙwasa masa gwiwa ko ya ja ta. Kada a gasa masa da ruwan zafi, zai ƙone bai sani ba. Kada ya taka sai da sanduna."

"Na ji," in ji arap Maswai, ya karɓi ledar.

Ya ji ɗin, amma abin da ya ji daban ne. A motar maƙwabcinsu da ta ɗauko su, tun kafin su fita gari ya gama tunaninsa. Wane mai hankali ne ke shan maganin ciwon da bai zo ba? Dabarar a fili take. Yau su ce allura ce ta hana zafi, gobe su ce ƙwaya ce, jibi kuma an warke. Ta haka babu ranar da za a gane cewa tun farko babu abin da zai yi zafin. Kada a kwance, kada a lanƙwasa, kada a taɓa: duk hanyar da mutum zai bi ya duba sun toshe ta. Ya naɗe ledar ya tura ta aljihun ciki na kwat ɗinsa, ya saka maɓalli. Ita da bakinta ta ce ƙafar za ta tashi yau. To, zai zauna ya ga tashin.

Suna isa gida aka fito wa Kimaiyo da gado ƙarƙashin bishiyar afokado, don ɗakinsa ba zai ɗauki masu sannu ba. Kafin a jima tsakar gidan ta cika. Mata suka gaisa suka wuce kicin wurin uwarsa Tapkili. Mazan kuwa, sa'o'in arap Maswai ne waɗanda suka shiga daji kaciya tare tun suna samari, suka jera kujeru suka kewaye gadon, aka kawo gorunan nono mai gawayi ana zubawa. Waɗannan in sun zauna ba sa tashi sai rana ta juya.

Ƙarfe goma sha biyu Kimaiyo ya duba wayarsa.

"Baba, ledar maganin tana wurinka? Lokaci ya yi."

"Zafi kake ji?"

"Tukuna dai."

"To maganin me za ka sha? Na yunwa?"

Tsofaffin suka kwashe da dariya. Kimaiyo ya yi murmushi ya mayar da kai kan matashi, bai sake tambaya ba.

Wani tsoho mai kunne a huje, arap Letting, ya nuna yaron da kofinsa. "Wannan ko an yi masa aikin yana ido biyu ba za ku ji bakinsa ba. Ina tsaye ranar da ya fuskanci wuƙar kaciya. Ko gashin ido bai motsa ba."

"Jininmu ne," in ji arap Maswai, ƙirjinsa ya ɗan buɗe.

"Jinin uwarsa dai," in ji wani. "Kai da ka yi ta kiran kakarka ranar ɗori?"

"Ƙarya kake, tsohon banza. Kai da aka ɗauko ka a sume?"

Aka yi ta yi. Daga nan arap Maswai ya rage murya ya faɗa musu abin da ke cin sa: ramuka biyu kamar idon kaza, yaro yana cin burodi, likita yarinya ƙarama da ko aure wataƙila ba ta yi ba. Tsofaffin suka gyara zama. Irin wannan zance ya fi musu nono daɗi. Kowa sai da ya tuno wani da aka cuta a birni.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi ya juya ga ɗansa. "Yanzu fa? Akwai zafi?"

Kimaiyo ya dubi uban, ya dubi fuskokin da suka juyo gaba ɗaya suna jiran amsarsa.

"Babu, Baba."

Ƙarfe biyu da rabi ya sake tambaya, ya sake samun babu. Kowane babu sai ya ji kamar an mare shi. Kwana ɗaya ya cika, ƙafa ba ta tashi ba, ko kuwa ta tashi ta tarar babu abin da aka yi mata. Haushi ya taso masa har wuya, haushin mutumin da aka mayar ɗan ƙauye a gaban ɗansa. Ya ciro waya ya kira Tuwei mai ɗori, ya ce ya hau babur ya zo yanzu. Tuwei ne ya fara duba gwiwar wata uku da suka wuce, ya ja ƙwaurin ya ji yana zamowa gaba kamar aljihun tebur. In an ɗaure wani abu a ciki, hannunsa zai sani. In ba a ɗaure ba, gobe da safe arap Maswai zai koma Eldoret da sandarsa.

Tapkili ta aiko a kira mata mijinta. Ya same ta bayan kicin tana tuƙa tuwon masara, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Baban Kimaiyo, ina maganin yaron nan?"

"Yana inda yake."

"Na aika masa nono tun ɗazu, ya dawo yadda na zuba. Yaushe ka taɓa ganin Kimaiyo ya mayar da nono?"

"Ya ƙoshi da burodin birni."

"Wayarsa tana ta ƙara bai ɗauka ba. Ka dubi fuskarsa kuwa?"

"Na tambaye shi sau uku da bakina, ya ce babu."

"A gaban wa ka tambaye shi?"

"Ke dai tuƙa tuwonki. Wannan zancen maza ne."

"Zancen maza," ta ce, ta buga muciya a bakin tukunya. "To mazan su bar mini ƙafar ɗana yadda aka kawo ta. Na ji ka kira Tuwei. Wallahi in ya tsinka abin da aka ɗaura, kai da shi za ku san ni."

Ya juya ya tafi yana gunaguni. Mace ce, me ta sani? Ita in dai an sa farar riga, to gaskiya ce.

Ƙarfe huɗu saura Tuwei ya iso, tsoho gajere mai faɗin hannu. Ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, ya sha nono kofi guda, ya wanke hannu, sannan ya durƙusa gaban gadon ya yaye bargo daga ƙafar. Ya daɗe yana kallon maɗaurin ƙarfen.

"Kai, mutanen nan sun iya ɗauri," ya ce. "Ko akuya mai tsalle ba ta kwance wannan."

"Ɗauri a waje," in ji arap Maswai. "Ciki muke son sani."

Kimaiyo ya buɗe baki a karo na farko cikin awa guda. Muryarsa ta fito a hankali, kalma ɗaya ɗaya.

"Baba, likita ta ce kada a ja."

"Na san ta ce. Shi ya sa za a ja. In babu zafi me kake tsoro?"

Yaron ya mayar da ido kan rassan bishiya. Tsofaffin suka matso da kujerunsu. Tuwei ya ɓare maɓallin farko, ya ɓare na biyu, ya ɓare na uku, ƙarfen ya buɗe. Gwiwar tana nan cikin bandeji, a kumbure. Ya sa hannu ɗaya saman gwiwa, ɗaya bayan ƙwauri.

"Maswai, zo ka riƙe mini shi ta baya. Ko ba ya ji, jiki yakan fizga."

Arap Maswai ya ajiye sanda ya zagaya kan gadon. Ya tallafo ɗansa zaune, ya jingina bayan yaron da ƙirjinsa, ya zagaye shi da hannu biyu yadda aka taɓa riƙe shi shi ma.

Rigar a jiƙe take sharkaf. Wannan ne abin da ya fara ji, jiƙar ta ratsa kwat ɗinsa nan take, a wuri mai sanyi irin nasu inda ko mai noma ba ya zufa haka. Sai ya ji zuciyar yaron tana dukan hannunsa da gudu. Bayan yaron gaba ɗaya rawa yake, 'yar rawa ƙanana mai sauri wadda ido ba ya gani sai hannu. Ya leƙa ta kan kafaɗa. Daga inda tsofaffin ke zaune fuska kawai ake gani, a shimfiɗe, ido a kan rassan bishiya. Daga nan baya kuwa ana ganin hannun dama da yaron ya ɓoye tsakanin katifa da katakon gado. Ya damƙe katakon, farce biyu sun tsage, jini ya bi itacen ya bushe, wani sabo yana bin sa.

Tuwei ya gyara yatsunsa, ya ja numfashi zai ja.

"Tsaya!"

Ihun ya sa kaji watsewa. Tuwei ya ɗaga hannu biyu sama kamar wanda aka kama da sata.

"Ka ja?"

"Ban ja ba. Kai lafiya?"

"Ka tabbata ba ka ja ba?"

"Na ce maka ban ja ba. Ko motsa ta ban yi ba."

"Mayar da ƙarfen. Mayar da shi yadda ka same shi, a hankali."

Tuwei ya dubi fuskarsa, ya dubi ta yaron da kyau a wannan karon, sai ya sunkuya ya fara saka maɓallan. Arap Maswai bai saki ɗansa ba. Ya kai bakinsa kusa da kunnensa, ya yi magana yadda su biyu kawai za su ji.

"Tun yaushe?"

"Wajen ƙarfe ɗaya."

Awa uku. Yana zaune taku biyu daga gare shi yana shan nono yana ba da labarin Lessos.

"Me ya hana ka faɗa?"

"A gabansu ka tambaye ni, Baba."

Kunya ta rufe arap Maswai, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya girma. Ga shaidar da ya yi ta nema tun jiya, tana rawa a ƙirjinsa. An yi aikin, an huda ƙashin, kuma yarinyar nan mai shuɗiyar riga ba ta faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Ya kwantar da yaron a hankali, ya ɓalle maɓallin aljihu, ya ciro ledar. Kafin ya ɓare ƙwayoyin sai Tapkili ta karɓa, don ta riga ta iso da kofin ruwa tun jin ihun. Ko dubansa ba ta yi ba. Ta ɗaga kan ɗanta ta ba shi, sannan ta ɗauki wayarsa ta kira lambar da ke jikin ledar.

Dakta Nasimiyu ce ta ɗauka. Ta tambayi ko an lanƙwasa gwiwar, aka ce a'a. Ta tambayi ko yana iya motsa yatsun ƙafa, ya motsa. Ta ce a ƙara masa ƙwaya guda daga ƙaramin ƙunshi, a ɗaga ƙafar a kan matashi.

"Mama, ba zan ɓoye miki ba," ta ce, kowa yana ji. "Zafin ya riga mu. Sai ya yi kamar awa ɗaya kafin maganin ya kamo shi. Wannan awar dole ya sha ta."

Arap Maswai ya dubi tsakar gidansa. Tsofaffi tara, kowa da kofi a hannu, sun zuba wa gadon ido, kuma babu mai niyyar tashi. Kimaiyo ya mayar da fuskarsa yadda take, a shimfiɗe, ya sake tura hannun ƙarƙashin katifa. Zai yi awar nan ma haka, ko da zai mutu.

Ya ɗauki sandarsa ya buga a ƙasa.

"Ku tashi. Ku zo ku ga itacen shayin da na dasa a gangare."

"Shayi kuma?" in ji arap Letting. "Mun gan shi ai, wancan da ya ƙi girma?"

"Ba ku gan shi da kyau ba. Ku tashi, har kai Tuwei. Kowa da kowa."

Suka dube shi, suka dubi juna. Arap Letting ne ya fara ajiye kofi ya miƙe, sauran suka bi. Tapkili ta leƙa kicin ta ce wa matan su je su taya ta ɗebo ruwa, ita ma ta ɗauki bokiti ta bi bayansu duk da tankin gidan a cike yake. Cikin ɗan lokaci babu kowa a gidan sai mai gado.

Arap Maswai ya ja su ta bayan shinge, suka gangara ta cikin masara, suka wuce rijiya, bai tsaya ba sai ƙarshen gona. Ya ɗauka nan ya yi nisa. Yana nuna musu layin farko da sanda sai sautin ya gangaro daga tudu ya same su, doguwar murya mai kauri, ta tashi ta karye ta sake tashi. Rabon da ya ji kukan ɗansa tun yaron yana ɗan shekara bakwai.

Babu wanda ya juya. Tsofaffin suka sunkuya suna duba ganye kamar ba su taɓa ganin shayi ba.

"Wannan layin," in ji arap Maswai da ƙarfi, muryarsa tana tsagewa, "taki ne ya yi masa kaɗan."

"Taki ne," in ji arap Letting, ya fi shi ɗaga murya. "Ni ma nawa haka ya yi bara. Ci gaba, nuna mana na ƙasa."